Akwatin Ra'ayin Dogara Darakta

Idan kana son ka ɓata wa kanka yamma guda a unguwar Kusfa ta birnin Zariya a wancan zamani, sai ka tambayi Dogara yadda aka yi ya fito a talabijin. Zai gyara zama, ya turo hula gaba, ya faro maka tun daga motar da ya hau zuwa Kaduna. Mu da muka kalli wasan da idonmu mun san gaskiya. An nuna taron kasuwa ne, sai ga kunnensa na hagu da gefen hularsa sun gifta ta bayan wata mai daddawa. Iyakar fitowar ke nan. Amma tun daga ranar, wannan akawu na ofishin ilimi ya daina amsa sunansa sai an haɗa da Darakta.

Shekara huɗu yana zuwa zance wurin Sakinatu, malamar firamare, har ya cinye tabarma biyu a zauren gidansu. Mahaifinta ya rasu, tana hannun ƙanensa, Baba Mika'ilu baduku. Kuma kada a zalunci Dogara, yana son ta, so na gaske. Matsalarsa ɗaya ce, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

Wata ranar Juma'a a shekarar 1991 ta fito da ruwan sha ta ajiye, ba ta zauna ba.

"Malam Dogara, Baba ya ce in tambaye ka, yaushe manyanka za su zo?"

"Sakina, ke ba ki san harkar fasaha ba. Mutum irina ba ya aure a ɓoye kamar ɓarawon kaza. Bari in girgiza Zariya tukuna."

"Bara ka ce sai an yi maka ƙarin girma."

"An yi?"

"Ba a yi ba."

"To kin gani. Ai ban saɓa alkawari ba."

"Baba ya ce daga nan zuwa Babbar Sallah. In ta wuce ba ka turo ba, zai naɗe tabarmar nan. Ni ma kuma na gaji, Malam Dogara."

Wani da ya ji wannan, washegari zai tashi kawunnansa da goro. Dogara sai ya tashi da wasan kwaikwayo. Ya rubuta shi a bayan tsofaffin takardun ofis, ya sa masa suna "Ba Ni Hotona In Ba Ka Naka". Labarin soyayya ne da ban dariya: wani saurayi sakarai yana neman budurwa, sai wani ɗan gaye mai babur ƙirar Basfa da baƙin tabarau ya ɓullo, budurwa ta sallami sakarai, a mayar wa juna hotuna, ɗan gaye ya aure ta, kowa ya tafa. Ba sai na gaya maka wanda zai fito a ɗan gaye ba. Lissafinsa shi ne, in Sakinatu ta ga birni guda yana yi masa tafi, Baba Mika'ilu da kansa zai ƙara masa wa'adi.

Sakinatu ce za ta fito a budurwa. Baba Mika'ilu ya ce sam, sai dai in yana zaune a wurin da sandarsa duk lokacin da za a yi gwaji. Kwana biyu yana zaune yana harare-harare, kowa ya kasa sakewa, sai Dogara ya yi dabara ya ba shi matsayin uban budurwa don ya samu abin yi. Tsoho ya ɗanɗana abin ya ji daɗi. Kafin mako ya zagayo shi ke fara zuwa, yana tambayar ko ba za a ƙara masa magana ba.

Sakarai kuwa aka ba Nasidi, tela a Ƙofar Kuyambana, mutum mai shiru wanda in mace ta kawo ɗinki yake kallon keken ɗinkinsa har ta gama bayani. Dogara ya zaɓe shi ne saboda zai ɗinka kayan wasa kyauta, kuma a faɗarsa, "fuskarsa tun daga haihuwa ta wanda aka yaudara ce."

Aka haɗa bencinan makaranta a filin firamaren unguwa, aka shimfiɗa katakai, aka rataye zannuwan gado biyu a matsayin labule. Lasifika kuma aka aro wurin mai maganin basir. Ƙararta ce ta hana Malam Labaran karantarwa a zaurensa da ke jikin filin, ya fito da buzunsa don ya yi faɗa. Dogara ya tare shi tun daga nesa.

"Allah gafarta Malam, ai kai muke jira. Kai ne babban baƙo."

Kafin Malam ya buɗe baki an zaunar da shi a kujerar hedimasta, an miƙa masa lemo mai sanyi. Malam mutum ne mai kunya, bai iya tashi ba.

Bayan la'asar ranar Asabar fili ya cika, maza gefe, mata gefe. Dogara ya hau dandamali ya ɗaga wani kwalin sabulu da ya huda wa baki.

"Jama'a, wannan shi ne akwatin ra'ayi. Haka muke yi a Kaduna. In an gama wasa kowa ya rubuta abin da ya gani ya jefa, za a karanta a gabanku ɗaya bayan ɗaya. Ni Darakta ba na tsoron suka."

Wasa ya fara lafiya, in ka ɗauke cewa Baba Mika'ilu ya kasa riƙe sunan wasa na 'yarsa. Ya kira ta Zulai kamar yadda aka rubuta, ya koma ya ce Sakinatu, da ya rikice sai ya kira ta da sunan uwarta. Sannan lokacin shigowar ɗan gaye ya yi. Dogara ya hau Basfar aro ya murɗa, ya haye katakon da aka jingina, ya ratsa dandamali bai tsaya ba, ya tafi da labule ɗaya, ya fita ta ɗaya gefen. Aka ji faɗuwar tulu. Can sai ga shi ya dawo a ƙasa, rabin jikinsa a jiƙe, zanin gado a wuya, ya cire tabarau ya ce wa budurwa, "Halo." Mutane suka yi dariya har da masu riƙe ciki. Daga baya ya ce da gangan ya tsara hakan.

Wurin rabuwa ne abin ya karkace. An rubuta wa Nasidi ya faɗi ƙasa ya yi birgima yana ihu don a yi masa dariya. Da Sakinatu ta miƙa hannu ta ce, "Ba ni hotona, na fasa," sai komai ya gudu daga kansa. Ya tsaya. Ya ciro hoton daga aljihun gaba, ya goge shi da hannun riga, ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce a hankali, "Allah Ya sa haka shi ya fi alheri."

Fili ya yi tsit. Daga gefen mata aka ji Iya Mero mai ƙosai ta fyace hanci da bakin zane.

"Birgima!" Dogara yana raɗa daga bayan labulen da ya rage. "Nasidi, birgima!"

Nasidi ya juya ya sauka da kansa a sunkuye. Da aka zo auren ɗan gaye babu wanda ya tafa sai Dogara.

Aka buɗe akwati. Niyyar Dogara ita ce ya riƙa tsallake na suka yana karanta na yabo, in babu ya ƙirƙira. Ya manta a birnin da yake. Nan gari ne da mai ƙosai ma ta yi karatun allo, don haka yawancin takardun da ajami aka rubuta su, shi kuwa tun bai kai ko'ina ba ya gudu daga makarantar allo. Ya juya takarda sama, ya juya ta ƙasa.

"Kawo nan," in ji Malam Labaran.

Malam bai iya tsallake layi ba, ko a littafi ko a takardar sabulu. Ya sa tabarau, aka kanga masa lasifika.

"Wannan ta ce, mai Basfa ba shi da tarbiyya, ko gaida surukinsa bai yi ba. Wannan ta ce, yarinyar tana da ido amma ba ta gani. Wannan kuma, Mika'ilu ya kira 'yarsa da suna uku yau, ku bar wa kowa sunan da aka yanka masa rago, kuna ruɗa mu. Wannan ta ce, a ba tela matarsa. Wannan ma, a ba tela matarsa."

"Allah gafarta Malam, ka karanta wannan ɗazu."

"Wata ce daban. Ga wasu nan tara irinta."

Dogara ya karɓi lasifika yana murmushin dole. "Jama'a, na ji. Matsalarku ba ku saba da wasan zamani ba. Ku dawo Asabar mai zuwa, zan gyara muku."

Gyaran da ya yi biyu ne. Na farko, kowa ya koma sunansa na gaskiya, don Baba ya huta. Na biyu, ya ɗaura aniyar mayar da Nasidi abin ƙyama. Ya sa masa yagaggiyar riga, ya rubuta cewa marowaci ne, toshin da zai kawo wa budurwa sandar rake ɗaya ce tal. Kansa kuma ya ƙara wa waƙa mai baiti bakwai.

Asabar ta biyu har kan katanga akwai mutane. Nasidi ya shigo da yagaggiyar riga, sai dai hannun tela bai iya ganin yaga ya ƙyale ba, ya bi ta ya ɗinke tsaf har ta fi ta Dogara kyau. Ya zauna nesa da tabarmar budurwa, ya ciro 'yar wuƙa, ya fere raken, ya yayyanka ƙanana, ya cire gaɓoɓin, ya jera a kan hankici ya tura gabanta. Babu wannan a rubuce. Sakinatu ta ɗauki ɗaya ta sa a baki, ta manta maganarta ita ma.

"Wayyo ɗan albarka!" Iya Mero ta ce da ƙarfi. "Shekara arba'in ina aure, ko gyaɗa ba a taɓa ɓare mini ba."

Mata suka ɗauka da shewa. Dogara ya ga abin zai lalace, ya faɗo dandamali tun lokacinsa bai yi ba, wannan karon a ƙasa, don wanda ya ara masa Basfa ya karɓe abarsa. Ya kama waƙa. A baiti na biyu lasifika ta fara kuka, a na uku karnukan unguwa suka taya ta, a na huɗu ɓawon lemo ya same shi a tabarau. Bahago mahauci, wanda muryarsa ba ta buƙatar lasifika, ya miƙe daga gefen maza.

"Darakta, a bar mu da basir ɗin, ya fi sauƙi!"

Da aka zo mayar da hoto, mata suka hana. "Kada ka bayar! Riƙe abinka!" Nasidi ya tsaya da hoto a hannu yana kallon Dogara, Dogara yana yi masa alama ya miƙa, Baba Mika'ilu kuma ya manta cewa shi a wasan yana bayan ɗan gaye ne, ya ce, "Ni ma dai da za a bi ta tawa, da telan." A ranar akwati bai ɗauki takardun ba, sai da aka ƙara da hular Bahago. Malam Labaran ya yi ta karatu har rana ta yi ja, kuma duk bakinsu ɗaya.

Abin bai tsaya a fili ba. Ranar Litinin Dogara ya tsaya sayen ƙosai, Iya Mero ta ci gaba da juya mai kamar ba ta ga mutum ba.

"Iya, ina kwana. A zuba mini."

"Ya ƙare."

"Ga shi nan cike da kwano."

"Na masu tsoron Allah ne. Kai da ka raba yaro da budurwarsa don kana da babur ɗin aro."

"Iya, wasa ne fa. Budurwar tawa ce ta gaske."

"Taka? Da me ka kama ta? Ni ban ci goro ba."

A ofis masinja ya daina gaishe shi. A Tudun Jukun wata mata da bai taɓa gani ba ta tsayar da shi ta yi masa nasiha a kan haƙƙin mutane. Shagon Nasidi kuwa ya cika da 'yan kawo ɗinki, wasu ba su da abin ɗinkawa sai jaje. Wannan ya fi komai ci wa Dogara rai. Shi ya rubuta wasa, shi ya sha faɗuwa, wani can yana kwasar farin jini.

Ranar Laraba ya je zance da fara'arsa.

"Sakina, na gano bakin zaren. Mutanen nan jarumi mai sadaukarwa suke so. Ranar Asabar zan bar wa Nasidi ke."

Ta ɗago ta dube shi. "Za ka bar masa ni."

"A wasa mana. Zan tsaya in yi jawabi in ce na haƙura, har ni zan zama wakilin ango in karɓa masa aure. Wallahi sai Iya Mero ta yi kuka ta nemi gafarata."

"Sallah saura kwana goma sha biyu, Malam Dogara."

"Kada ki damu da ƙananan abubuwa. Bari a gama wannan."

Ta ɗauki kofin ruwan da bai sha ba ta shiga gida.

Asabar ta uku ban taɓa ganin taro irinsa a Kusfa ba in ba jana'izar babban malami ba. Wasa ya tafi daidai har wurin rabuwa. Nasidi ya ciro hoto, sai Dogara ya shigo ya ɗaga hannu.

"Dakata! Mayar da hoton aljihunka, Nasidi. Ni Dogara, ina da ilimi, ina da kyau, ina da Turanci, amma na haƙura. Na bar maka ita."

Fili ya ɗauka da tafi. Karo na farko ke nan da aka tafa masa ba don ya faɗi ba, kuma tafin ya hau masa kai kamar hayaƙi. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a dandamali, Baba Mika'ilu ya zauna gefe, shi ya zauna gefe, aka ajiye ƙwaryar goro a tsakiya. Ya ciro wasu takardu da aka yanka daga tsohuwar jarida ya ajiye.

"Ga sadaki."

"Sadakin jarida?" in ji Bahago. "Haba Darakta, a Kadunan haka kuke yi?"

Kaduna ita ce jijiyar Dogara. Ya cusa hannu a aljihu ya fito da 'yan kunne na zinariya, waɗanda ya saya wa Sakinatu tun shekara biyu da suka wuce amma yake yawo da su yana nuna wa abokai. Ya ɗaga su rana ta haska.

"Zinariya ce, ba gwangwani ba. Nasidi, karɓi ka biya sadaki."

"Kayan aro dai!" Bahago ya sake cewa.

"Aro? Ni? Ku shaida, na ba shi kyauta, halak malak, duniya da lahira!"

Malam Labaran ya motsa a kujerar hedimasta. "Dogara, dakata kaɗan."

"Allah gafarta Malam, ana tsakiyar wasa. Ra'ayi sai an gama, ga akwati can."

Iya Mero ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. "Kai wa ya wakilta ka? Haka kawai mutum zai zauna ya ce shi wakili ne?"

"Nasidi, gaya musu."

Nasidi yana ta gumi. "Na wakilta shi."

"Da ƙarfi! Mutanen kan katanga ba su ji ba."

"Na wakilta shi!"

"Yarinyar fa?" Iya ba ta zauna ba. "An tambaye ta? Mu nan ba ma son zalunci."

Dogara ya miƙa wa Sakinatu lasifika da kansa. Ta dube shi, kallo mai tsawo, har ya yi mata alama da hannu ta yi sauri.

"Na yarda," in ji ta.

"Dogara," Malam ya miƙe tsaye wannan karon, "ina ce maka ka saurara."

"Malam, don girman Allah. Ko gwamna ne ya zo nan, akwati zai bi. Ga takarda, ga alƙalami."

Malam ya dube shi, ya dubi sama, ya zauna. Ya karɓi takardar ya fara rubutu.

Dogara ya gyara murya yadda ya ji manya suna yi. "Ni Dogara, wakilin Nasidi, ina nema masa auren 'yarka Sakinatu a kan wannan sadaki."

Baba Mika'ilu, wanda mako uku yake jiran babbar magana, ya baje riga. "Ni Mika'ilu, waliyyin Sakinatu, na ba Nasidi aurenta a kan wannan sadaki."

"Na karɓa masa!"

"Na ba shi!"

"Na karɓa masa!" Sau uku suka yi, don daɗin tafi. "Jama'a kun shaida?"

"Mun shaida!" Har na kan katanga.

"Fatiha!"

Hannuwa suka tashi da kansu, kamar yadda suka saba. Aka shafa, mata suka rangaɗa guɗa, Bahago ya yi ta shela ba wanda ya sa shi. Dogara ya tsaya a bakin dandamali yana rusunawa hagu da dama, ya hango Iya Mero tana share hawaye, ya ji duniya ta yi masa daidai.

"Yanzu a karanta ra'ayi," ya ce. "Allah gafarta Malam, bisimilla. Kada a tsallake ko ɗaya."

Malam Labaran ya sa hannu ya ɗauko ta saman. "Wannan tawa ce." Ya sa tabarau. "Waliyyi na gaske ne, kuma ya bayar da bakinsa. Ango ya wakilta, wakili ya karɓa. Sadaki halal ne, mallakar ango. Yarinya baliga ce, ta yarda a gaban jama'a. An ambaci kowa da sunansa. Shaidu biyu ake nema, ga birni guda. Ra'ayina shi ne, aure ya ɗauru." Ya ninke takardar. "Allah Ya ba da zaman lafiya."

Dogara ya yi dariya shi kaɗai. "Malam ma ya iya barkwanci."

"Ban iya ba."

"Ai wasa ne, Allah gafarta Malam. Wasan kwaikwayo. Ga labule, ga lasifika."

"Aure ba ruwansa da labule. Yana cikin abubuwan da wasansu gaske ne. Sau biyu ina tsayar da kai, ka tura ni akwati."

A Zariya ba a rasa mai ja da malami. Nan take wasu masu rawani biyu suka miƙe. Na farko ya ce ai sadakin aro ne, jama'a suka amsa masa baki ɗaya, "Duniya da lahira!" Ya zauna. Na biyu ya ce sai an duba ko waliyyin ya san abin da yake faɗa. Baba Mika'ilu ya fusata.

"Ni ne ban san abin da nake faɗa ba? Kwana uku ina haddace maganar nan!"

Shi ma ya zauna. Dogara ya juya kan Nasidi.

"To ai da sauƙi. Nasidi, sake ta. Yanzu. Akshin!"

Nasidi ya share gumi. "Darakta, wannan ba ya cikin takardar da ka ba ni."

"Na rubuta shi yanzu! Ni ne Darakta!"

"Ka taɓa ta ka gani," in ji Iya Mero, ita da mata kusan ashirin sun riga sun matso bakin dandamali.

Nasidi bai kula kowa ba. Ya juya wajen Sakinatu, kuma ranar ce na fara ganin ya kalli mace a ido.

"Malama, in ba ki so, yanzu zan sauwaƙe miki, ba zan riƙe ki da ƙarfin kuskure ba. Amma gaskiya ni tun ranar farko ban iya wasan ba. Duk abin da kika ga na yi, haka yake a raina."

"Sakina, gaya masa," in ji Dogara. "Kin san ni. Bayan Sallah kaɗan zan turo, wallahi har na yi magana da..."

"Wace Sallar, Malam Dogara?"

"Ke ma ai ba ki san abin zai zama haka ba."

"Shekara shida na yi ina ɗaukar karatu a gidan Malam. Da Iya ta tambaye ni, na san abin da na amsa." Ba ta ɗaga murya ba, amma lasifikar tana hannunta, kowa ya ji. "Na dube ka, na jira ka ce a tsaya, sai ka ce in yi sauri. Shekara huɗu kana zuwa da gaske ba ka ɗaura komai ba. Yau da ka tashi wasa, ka ɗaura kafin shayi ya huce. Na gode, Allah Ya saka da alheri."

Ta ajiye lasifikar, ta ja mayafi ta rufe fuska kamar kowace amarya. Mata suka kewaye ta da guɗa suka yi gida da ita, maza suka ɗaga Nasidi sama yana roƙon a sauke shi. Baba Mika'ilu ya bi baya da ƙwaryar goro yana tambayar mutane ko sun ji yadda muryarsa ta fita.

Dogara ya zauna a bakin katako, ƙafafu na lilo. Na daɗe ina yi masa dariya, amma a ranar na ji tausayinsa, don kuka yake yi na gaske, irin na wanda ya san babu wanda ya cuce shi sai kansa.

Bai ankara ba sai ga inuwa a kansa. Iya Mero ce ta dawo.

"Darakta, sannu da ƙoƙari. Ban taɓa ganin wasa mai amfani irin wannan ba. Ina da jika, Jummai, saurayinta shekara uku yana zuwa yana shanye mana ruwan randa. Asabar mai zuwa ka saka ta. Akwai wani mai gyaran rediyo, yaron kirki, shi zai fito a sakaran. Kai kuma ka yi wakilci, hannunka yana da albarka."

Dogara ya ɗago. A bayanta akwai wasu mata biyar, kowace da sunan 'ya a baki, har sun fara gardamar wadda ta riga zuwa. Ya ja hanci, ya share ido, ya lalubo hularsa ya turo ta gaba.

"Ku yi layi," ya ce. "A Kaduna layi ake yi."